Yadda Ake Haɗa Na'urar Tuƙin Jirgin Ruwa da Na'urar Taswira ta GPS

Na'urar tuƙi, wato wadda ke riƙe wa matuƙi sitiyari, idan ba a haɗa ta da komai ba abu ɗaya tak ta sani: inda goshin jirgi ya fuskanta. Ka ce mata ta riƙe digiri 120, za ta riƙe shi har mai ya ƙare. Sai dai ruwa ba kwalta ba ne. Iska na tura jirgi ta gefe, gudun ruwa na jan sa ta ƙasa, goshi yana kallon inda ya dace alhali gangar jirgin tana zamewa sannu a hankali zuwa wani wuri dabam. Na'urar taswira kuwa ta san ainihin inda jirgin yake da inda ake so ya je, amma ba ta da hannun juya shi. Idan aka haɗa su, mai taswira za ta riƙa gaya wa mai tuƙi, kowace daƙiƙa, nawa jirgi ya kauce daga layi da ɓangaren da zai koma.

Jona wayoyin ba wani dogon aiki ba ne, sau da yawa ba ya wuce awa ɗaya ko biyu. Inda aikin yake shi ne tabbatar da cewa abin da ɗaya ta faɗa shi ɗayar ta ji, kuma ta fahimce shi yadda aka nufa. A kan wannan zan fi tsayawa, domin a nan ne mutane ke gaggawa.

Mataki na 1: Ka san abin da ke cikin jirginka

Kafin ka taɓa ko da sukuddireba, ɗauki fitila da wayar salula ka bi sassan na'urar tuƙi ɗaya bayan ɗaya, kana ɗaukar hoton lambar kowanne. Yawanci biyar ne. Akwai allon umarni mai maɓallan STANDBY (sakin sitiyari ga matuƙi), AUTO (riƙe alkibla) da TRACK ko NAV (bin layin na'urar taswira). Akwai ƙwaƙwalwar tuƙi, baƙin akwatin nan da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera ko bayan bango. Akwai kamfas na lantarki. Akwai mai tura farantin juyi, wato farantin da ke cikin ruwa a bayan jirgi yana karkata shi, kuma mai turawar na iya zama famfon mai ko sanda mai moto ko bel a jikin sitiyari. Na biyar shi ne ƙaramar na'urar da ke sanar da ƙwaƙwalwa kusurwar da farantin yake, ko da yake wasu sababbin na'urori ba sa bukatarta. A ƙananan jirage masu sandar tuƙi, duk waɗannan sukan kasance a cikin gida ɗaya.

Wayar bayanai daga na'urar taswira ƙwaƙwalwa take zuwa, ko kuma uwar wayar da ƙwaƙwalwar ke kai, wadda za a bayyana a mataki na 2. Ka nemo littafin girkawa na na'urorin biyu, ka buɗe shafin da aka zana wayoyi. Kada ka dogara da abin da ka tuna daga wani jirgi, ko da kamfanin ɗaya ne.

Mataki na 2: Wane harshe kowacce take ji?

Harsuna biyu ne suka mamaye wannan fage, duka daga ƙungiyar masu kayan lantarkin jiragen ruwa ta Amurka, NMEA.

Na farko shi ne NMEA 0183, wanda ya fito a 1983. Tsarinsa irin na mai shela ne: na'ura ɗaya tana magana, wasu suna sauraro, ta wayoyi biyu sirara. Saurinsa na asali 4800 ne, akwai kuma mai sauri na 38400 da aka fi amfani da shi wajen AIS, na'urar da jirage ke sanar da juna inda suke. Za ka gane shi da ganin tsirarun wayoyi masu launi-launi suna fitowa daga kebul ɗin wuta na na'urar taswira.

Na biyu shi ne NMEA 2000. Wannan kamar zaure ne da kowa ke magana kowa ke ji: uwar waya ɗaya ce ta ratsa jirgi, kowace na'ura ta rataya a jikinta da reshe. Saurinsa kilobit 250 a daƙiƙa, filoginsa zagayayye ne mai ƙafa biyar da ake murɗawa. Wasu kamfanoni sun sa masa suna da filogi nasu: SeaTalkng na Raymarine da SimNet na Simrad duk shi ne a ciki, ɗan kebul mai canja baki kawai ake bukata. Amma tsohon SeaTalk mai waya uku, ja da rawaya da ta ƙasa (wadda ke komawa baƙar wayar batir), harshe ne na Raymarine kaɗai, sai da na'urar fassara yake shiga sabon tsari.

Akwai wata magana da gara ka ji ta tun yanzu. Idan na'urorin biyu ba na kamfani ɗaya ba ne, bin hanya zai yi aiki, domin saƙonnin kewayawa na kowa da kowa ne. Abin da galibi ba zai yiwu ba shi ne kunna na'urar tuƙi ko sauya mata digiri daga fuskar na'urar taswira, saboda waɗannan umarnin kowane kamfani da nasa na sirri. A ganina wannan ba asara ba ce mai girma. Allon umarni yana nan, kuma na fi so maɓallin STANDBY ya kasance na gaske, wanda yatsa zai lalubo cikin duhu ba tare da an duba gilashi ba.

Mataki na 3: Idan duka biyun NMEA 2000 ne

Kashe babban makunnin batir tukuna.

Uwar waya layi ɗaya ce miƙaƙƙiya mai baki biyu, ba ta yin rassa kamar bishiya, ba ta kuma zagayowa ta haɗe da kanta. A kowane baki akwai toshiya mai rizista ta om 120. Biyu ne cur, ba ɗaya ba, ba uku ba. Don saka sabuwar na'ura, sai ka raba uwar wayar a wata mahaɗa, ka sa mahaɗi mai siffar T, ka ja reshe daga ƙafarsa zuwa na'urar. Reshe ɗaya ba ya wuce mita 6, jimillar dukan rassa ba ta wuce mita 78, uwar waya irin siririyar nan da ƙananan jirage ke amfani da ita kuma iyakarta mita 100. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga na'urar taswira tana nesa, sai a jona reshe a kan reshe har ya kai mita 9 ko 10. Abin da ya kamata shi ne a ƙara tsawon uwar wayar ta je kusa da na'urar, a mayar da toshiya sabon ƙarshen.

Uwar wayar tana son wutar bolt 12 ta kanta, ta wuri ɗaya, kuma ya fi kyau ya zama kusa da tsakiya, da fiyus ɗinsa. Idan jirginka na bolt 24 ne, sai ka sa mai rage wuta. Ka duba da kyau, domin wasu ƙwaƙwalen tuƙi suna da ɗan maɓalli da ke ba uwar waya wuta. In an riga an ba ta daga batir, wannan maɓallin a kashe yake zama. Kowace na'ura an rubuta mata lambar LEN, kowane LEN ɗaya daidai yake da miliam 50, siririn kebul kuma am 3 yake ɗauka, wato LEN 60. Ka tara lambobin ka gani. Moto ko famfon da ke tura farantin juyi ba ya cikin wannan lissafi, shi wayarsa mai kauri dabam take, kai-tsaye daga allon rabon wuta da nata birekar.

Yanzu awo. A cikin kebul ɗin akwai ja da baƙa na wuta, fara da shuɗiya na bayanai, sai tsirarar waya ta kariya. Wuta a kashe, ka ɗora ƙafafun maltimita tsakanin fara da shuɗiya. Om 60 ko kusa da haka kake nema. Ka ga 120, toshiya ɗaya ta ɓace ko uwar waya ta yanke a wani wuri. Ka ga 40, akwai toshiya ta uku a ɓoye, wani lokaci a cikin wata na'ura take, kamar mai awon iska da ke saman jirgi. Daga nan ka kunna wuta ka auna tsakanin ja da baƙa a can ƙarshen layi. Tsarin yana aiki tsakanin bolt 9 da 16, amma in ka ga ƙarshen layi ya yi ƙasa da batir sosai, akwai mahaɗar da ta yi tsatsa ko kaya sun yi yawa.

Awo ya yi daidai, sai ka shiga saitunan na'urar taswira ka buɗe jerin na'urorin da take gani. Sunan ƙwaƙwalwar tuƙi da na kamfas su bayyana. Saƙonnin da ake bukata su ne 129283 mai ɗauke da kauce wa layi, 129284 mai ɗauke da nisa da alkiblar zango na gaba, wato wurin da ka sa wa alama a taswira don jirgi ya nufa, da 129285 mai sunayen zanguna. A wasu na'urori sai ka kunna fitar da su da kanka. Idan akwai GPS fiye da ɗaya a jirgin, misali na cikin na'urar taswira da na rediyo da na AIS, ka zaɓi guda ɗaya da hannunka a matsayin tushen wuri, haka ma kamfas. In ka bar wa na'urori zaɓi, wata rana kowacce za ta bi nata.

Mataki na 4: Idan NMEA 0183 ne

Nan ne ake bukatar natsuwa, domin babu filogin da zai hana ka yin kuskure.

Ƙa'idar ita ce bakin mai magana ya je kunnen mai sauraro. Na'urar taswira ita ce mai magana, don haka wayoyinta na fitarwa, waɗanda littafi zai rubuta wa OUT ko TX, su za su je wayoyin karɓa na ƙwaƙwalwar tuƙi, masu IN ko RX. Kowane ɓangare waya biyu gare shi: A wadda ake sa wa alamar +, da B mai alamar −. A ta tafi A, B ta tafi B. Ƙungiyar NMEA ta ba da shawarar launuka, fara da ruwan ƙasa ga mai magana, rawaya da koriya ga mai sauraro, amma kamfanoni da yawa ba su bi ba, musamman a tsofaffin kaya. Jona fara da fara don launinsu ya zo ɗaya shi ne hanya mafi sauri ta haɗa baki da baki, kowa na magana babu mai ji.

Sai matsalar tsoho da sabo. Tun daga bugu na 2.0 na ƙa'idar, a 1992, ake amfani da wayoyi biyu masu kishiyantar juna. Kafin nan waya ɗaya ce da ƙasa, wato baƙar wayar batir, kuma har yau akwai na'urorin da ke fita da wannan tsohon tsari. Idan na'urar taswirarka waya ɗaya take fitarwa, ka kai ta A na mai sauraro, B ɗinsa kuma ka haɗa da baƙar wayar na'urar taswira. Mantawa da wannan B ɗin ya sa mutane da yawa sun ɗauka na'urarsu ta lalace. Idan kuma akasin haka ne, mai magana waya biyu, mai sauraro waya ɗaya, ka kai A wurin karɓa, B ta mai magana ka naɗe bakinta ka bar ta ita kaɗai. Kada ka kai ta ƙasa sai in littafin ya ce a yi, don hakan na iya ƙona mafitar.

Mai magana ɗaya zai iya ciyar da masu sauraro biyu ko uku, misali na'urar tuƙi da rediyon VHF. Amma masu magana biyu ba sa shiga kunne ɗaya. In kana da wannan bukata, akwai akwatin da ke tattara maganganu ya jera su ya fitar ta baki ɗaya.

Game da jonin kansa: iskar teku gishiri gare ta, kuma jirgi ba ya daina girgiza. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin salatif zai yi aiki yau, bayan wata shida ya zama koren gari. Ka yi amfani da wayar jan ƙarfe mai rufin kuza, da maɗauri na matsewa mai robar da ke tsukewa in ta ji zafi, ko ƙaramin akwatin jona wayoyi mai murfi. Ka nisanta wayar bayanai daga kebul ɗin eriyar rediyo da manyan wayoyin inji. Wayar kariya a gefe ɗaya kawai ake kai ta ƙasa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a wannan aiki hakin kusan kullum wata 'yar mahaɗa ce a bayan bango.

Sannan ka shiga saituna. Ka sa mafitar a kan NMEA mai saurin 4800. Idan an taɓa sa ta a 38400 saboda AIS, tsohuwar na'urar tuƙi ba za ta ji komai ba. Ka kunna jimlolin, wato layukan bayani masu sunan haruffa uku, da littafin na'urar tuƙi ya nema. Galibi APB ce uwa, sai RMB da XTE da BWC, da RMC ko VTG don gudu da alkiblar tafiya. Sauran ka kashe su. Dalili kuwa, saurin 4800 haruffa 480 ne kawai a daƙiƙa, jimla ɗaya kuma tana iya kai haruffa 82. In ka cika layin da jimlolin lissafin taurarin ɗan'adam, wadda ake bukata za ta riƙa zuwa a makare, na'urar tuƙi ta riƙa gyara kuskuren da ya riga ya wuce.

Yana da kyau ka iya karanta jimlar da idonka, tunda na'urori da yawa suna da shafin da ke nuna abin da ke fita. Ga misali:

$GPAPB,A,A,0.05,L,N,V,V,120,M,ZANGO2,118,M,118,M

A biyun farko suna cewa bayanin ingantacce ne, da V ne a wurin da an ce kada a yarda da shi. 0.05 da L da N suna nufin jirgi ya kauce da mil 0.05 na teku, kusan mita 93, kuma a karkata hagu. V biyun da ke biye suna cewa ba a iso zango ba tukuna. 120 alkiblar layin ce tun daga mafari, 118 kuma daga inda jirgi yake yanzu zuwa zangon. Harafin M yana cewa da arewar maganaɗisu aka auna. A ƙarshen jimla ta gaske za ka ga tauraro da haruffa biyu na tantancewa.

Idan kana so na'urar taswira ta riƙa samun alkiblar kamfas, don hoton jirgi ya fuskanci daidai ko yana tsaye, sai ka ja wasu wayoyi biyu a komo: mafitar ƙwaƙwalwar tuƙi zuwa mashigar na'urar taswira, da jimlar HDG. Ka dai tabbata na'urar taswira ba ta sake mayar da wannan alkiblar ga mai ita.

Mataki na 5: Idan ɗaya tsohuwa ce ɗaya sabuwa

Sabuwar na'urar taswira mai NMEA 2000 kaɗai da tsohuwar na'urar tuƙi mai 0183 suna bukatar tafinta a tsakani. Akwai irin waɗanda kamfanin Actisense ke yi. Gefe ɗaya reshe ne a uwar waya, ɗaya gefen wayoyi ne da za ka jona kamar yadda aka bayyana a mataki na 4. Kafin ka saya, ka duba jerin fassararsa ka ga APB da RMB suna ciki.

Mataki na 6: Su yarda a kan arewa ɗaya

Arewa biyu ce. Akwai ta gaskiya, wadda layukan taswira ke nunawa, akwai ta maganaɗisu, wadda kamfas ke bi. Ratar da ke tsakaninsu tana sauyawa daga wuri zuwa wuri, a wasu tekuna ba ta kai digiri ɗaya ba, a wasu ta haura goma. GPS da ta gaskiya yake lissafi, kamfas ɗin na'urar tuƙi kuma da ta maganaɗisu. Idan na'urar taswira ta aiko 118 na gaskiya, tsohuwar na'urar tuƙi ta ɗauke shi na maganaɗisu, jirgi zai fara da karkata, ya yi ta kokawa da layin da ba ya iya zama a kansa. Kuskuren digiri 1 yana zama mil 1 bayan tafiyar mil 60, na digiri 5 kuwa tun a mil 12. Mafi sauƙi shi ne ka sa na'urorin biyu a kan maganaɗisu, ka bar na'urar taswira ta riƙa lissafa ratar da kanta.

Kamfas ɗin ma ka je ka gan shi da ido. Ya kasance aƙalla mita ɗaya daga inji, lasifika, manyan wayoyin batir da duk wani ƙarfe. Na taɓa shafe yini guda ina canja saituna a wani jirgi da ke jan dama da kusan digiri 15, sai da yamma na ɗaga murfin wata kujera na tarar da akwatin sifanu da filaya an jingina shi da bangon da kamfas ke manne a bayansa. Ina ɗauke akwatin, lambar da ke kan allo ta juya a gabana ta koma daidai. Tun daga ranar nake manna takarda a irin wannan wuri da rubutun cewa kada a ajiye ƙarfe.

Saiti na gaba shi ne da'irar isowa, wato nisan da in jirgi ya shige shi za a ce ya iso zango. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne, don haka da'irar mil 0.1 kusan mita 185 ce. Jirgi mai gudun not 6, wato mil 6 na teku a awa, minti ɗaya zai yi kafin ya cinye ta, mai not 20 kuwa daƙiƙa 18. Mai sauri yana son da'ira mai faɗi don ya sami sararin juyawa, a matsattsiyar mashiga kuma ƙarama ake so don kada ya yanke kwana ta kan duwatsu. Ka bar saitin da ke sa na'ura ta yi ƙara ta nemi izininka kafin ta juya. Ita ba ta ganin jirgin da ke tahowa ta gefenka.

Wajen sa wa zanguna suna, ka bambanta su sosai kuma ka gajarta, domin wasu tsofaffin na'urori 'yan haruffa kaɗan suke karantawa, in sun yi kama ba za su gane an sauya zango ba. Kada kuma ka ɗora zango daidai kan alamar da ke yawo a ruwa. GPS na yau yana da daidaiton da zai kai ka ka yi karo da ita. Ka matsar da shi gefen da ruwa ke da zurfi.

Mataki na 7: Gwaji a matsaya

Jirgi na ɗaure, kowa ya nisanci sitiyari da sandunan farantin juyi, domin ƙarfin famfon ya isa ya karya yatsa. Ka danna AUTO, ka ƙara digiri 10 dama, ka ga farantin ya motsa ta inda zai kai jirgi dama. In ya yi hagu, wayoyin moto biyu ne ke bukatar musanya, ko a gyara a saiti. Ka koma STANDBY ka tabbata sitiyari ya saki.

Sai ka sa zango mai nisan mil ɗaya ko biyu a na'urar taswira, ka umarce ta ta nufe shi. Ba ta aika komai na kewayawa sai akwai zangon da ake nufa, wannan kaɗai ya ruɗa mutane da yawa. Ka duba allon na'urar tuƙi: alkibla, nisa da kauce wa layi su zama daidai da na na'urar taswira, lamba da lamba, har da ɓangaren hagu ko dama. Gani ya kori ji.

Mataki na 8: Gwaji a ruwa

Ka zaɓi rana mai sanyin iska da fili mai faɗi da zurfi, ka tafi da mutum na biyu wanda aikinsa kallon gaba kawai. Ka fara da daidaita kamfas: jirgi zai yi ta zagaye a hankali har allo ya ce ya gama, ya nuna yawan karkatar da ya samu. In lambar ta wuce abin da littafi ya yarda da shi, wurin kamfas ne bai yi ba. Bayan haka ka miƙe a layi ɗaya da gudu mai kyau inda ruwa ba ya ja, ka daidaita alkiblar kamfas da ta GPS.

Ka gwada AUTO shi kaɗai tukuna. Ka waiwaya ka kalli sawun da jirgi ke bari a ruwa. In yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, saitin ƙarfin juyi na na'urar tuƙi ya yi yawa, ka rage. In jirgi yana kaucewa ya daɗe bai dawo ba, ka ƙara. Na'urar da ba ta iya riƙe alkibla ba, haɗa ta da GPS ba zai gyara ta ba.

Daga nan ka nufi zango da hannunka har goshi ya kusa daidai da shi, cikin digiri 5 zuwa 10. Ka sabunta layin daga inda kake, don kauce wa layi ya koma sifiri, in ba haka ba jirgi zai yi wata muguwar kwana yana neman tsohon layin da ka baro a baya. Danna AUTO, sannan TRACK ko NAV. Allo zai nuna ɓangaren da zai juya da sabuwar alkibla. Ka duba ruwan, sannan ka amince. Hannunka na kusa da STANDBY, ka bi lambar kaucewa na minti goma, ya kamata ta sauka ta zauna kusa da sifiri. Za ka lura goshi ba ya kallon zango daidai in akwai iska ko jan ruwa, yana ɗan karkata yana tare su. Wannan shi ne amfanin haɗin gaba ɗaya. Sai ka gwada hanya mai zanguna uku, da kwana ɗaya dama ɗaya hagu.

Mataki na 9: Ka gwada ranar da GPS zai ɗauke

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, ni kuwa ba na ɗaukar aikin ya kammala sai da shi. A watan Yunin 1995, jirgin fasinja mai suna Royal Majesty ya taso daga Bamuda zuwa Boston ɗauke da mutum fiye da 1,500. Bai daɗe da tashi ba kebul ɗin eriyar GPS ya cire. Na'urar ta koma ƙiyasin wuri daga gudu da alkibla, ta ci gaba da aika lambobi tare da alamar cewa ba na tauraron ɗan'adam ba ne. Na'urar tuƙin ba a tsara ta ta karanta wannan alamar ba, sai ta ci gaba da bi. Sama da awa 30 ana tafiya a haka, allo yana nuna jirgi a kan layi, har ya kafe a kan tudun yashi kusa da tsibirin Nantucket ranar 10 ga wata, kusan mil 17 daga inda ake zato yake. Binciken hukumar haɗurran sufuri ta Amurka ya kuma gano cewa ƙararrawar na'urar awon zurfi an bar ta a kan sifiri. Ba a rasa rai ba, amma jami'ai ƙwararru ne ke kan aiki a daren.

Saboda haka, a fili mai aminci, jirgi na bin layi, ka cire kebul ɗin eriyar GPS, ko ka kashe na'urar taswira, ko ka zare reshenta. Ka ƙirga daƙiƙu nawa kafin na'urar tuƙi ta yi ƙara, ka ga me ta yi bayan nan: ta koma riƙe alkibla, ko ta saki sitiyari? Ka tabbata ana jin ƙarar a kan rurin inji, daga duk inda matuƙi kan zauna. In na'urar taswira tana da saitin ci gaba da ƙiyasi bayan ɗaukewar GPS, ko yanayin kwaikwayo na koyo, ka san inda suke ka kashe su. Ka kunna ƙararrawar zurfi da ta kauce wa layi. Doka ta 5 ta ƙa'idojin hana karon jirage na 1972 ta wajabta sa ido da kunne a kowane lokaci, ba ta ware jirgin da na'ura ke tuƙawa ba. A mashigar tasha, cikin cunkoso, da kusa da manyan gadoji ko jiragen ƙarfe da ke ruɗa kamfas, tuƙi na hannu ne.

In abu ya ƙi

Allo ya ce babu bayanai: ka duba ko akwai zangon da ake nufa, sannan saurin mafita, sannan ka musanya A da B, domin wasu kamfanoni sun juya alamominsu. Maltimita a kan wayoyin fitarwa zai nuna lamba mai rawa in ana magana, in ta tsaya cak mafitar a kashe take. Bayani yana zuwa yana ɗaukewa: mahaɗa ce ta saki, ko toshiya, ko kuma yana faruwa ne daidai lokacin da aka danna rediyo, wanda ke nuna wayoyin sun yi kusa da juna. Na'ura tana mutuwa in teku ya yi ƙarfi: moto ne ke jan wuta har batir ya faɗi, ka auna bolt a bakin ƙwaƙwalwa yayin da farantin ke aiki, ka ƙara kaurin waya in da bukata. Jirgi yana maciji a TRACK amma lafiya lau a AUTO: jimloli sun yi yawa a layi, ko kaucewa ana aiko ta da lamba biyu bayan ɗigo, wato matakin mita 18 da rabi, alhali na'urar taswira na iya aiko uku. In kuma gudun jirgi bai kai not 2 ko 3 ba, alkiblar GPS kanta rawa take yi, sai ka koma AUTO har gudu ya ƙaru.

Duk abin da ka jona, ka zana shi a takarda da launin kowace waya da saitin da ka sa, ka rubuta om da bolt ɗin da ka auna da kwanan wata, ka sa a leda ka manna a cikin murfin akwatin da ƙwaƙwalwar tuƙi take. Bayan duk wata sabunta manhaja ko canjin batir, ka sake yin mataki na 7 kafin ka kwance igiya, domin wasu na'urori sukan koma saitin masana'anta ba tare da sun sanar ba.